Cinikina da Wani Dillalin Lambobin Yaƙi a Ingila

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin safiyo, kuma wani babban kaso na aikin na yi shi ne a garuruwan bakin iyaka tsakanin ƙasar Katsina da ƙasar Maraɗi, inda ba abin mamaki ba ne ka iske gonar mutum ɗaya ta rabu biyu, gero a Najeriya, wake a Nijar. Tun a wancan lokaci nake son sanin su wane ne suka ja wannan layi, da irin na'urar da suka yi awo da ita, da abin da ya zama makomarsu bayan sun naɗe tantunansu sun tafi. Da na yi ritaya na sami sukunin karatu, sai na gane cewa akasarin Ingilawan da suka yi wannan aiki hafsoshin soja ne na rundunar injiniyoyi da ake kira Royal Engineers, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bin sawun rayuwarsu a yau ita ce kasuwar masu tara lambobin yaƙi, wato abin da tsofaffin sojojinmu suke kira minda. Ta haka na faɗa hannun dillalin da nake son yin bayani a kansa.

Ƙaramin shago ne a wani gari na kudancin Ingila, mutum ɗaya ne yake gudanar da shi, kuma kusan duk cinikinsa ta intanet yake yi. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin akwai wuraren da zan koka, kuma ba na son kukan mutum ɗaya ya taɓa abincin wani. Hidima biyu yake yi: yana sayar da lambobi, sannan yana karɓar kuɗi ya binciko tarihin mai lambar a ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya. Na gwada duka biyun a cikin kimanin wata biyar, kuma a kan su ne wannan bayani ya tsaya.

Wanda bai san wannan kasuwa ba zai ɗauka azurfa ake saye, alhali azurfar da ke jikin lamba ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke ba lambar Birtaniya daraja shi ne al'adarsu ta buga sunan wanda aka ba a kan bakin lambar, tare da muƙaminsa da rundunarsa, da lambar aikinsa idan ƙaramin soja ne. Saboda haka lambobi biyu masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga maƙera ɗaya a shekara ɗaya, farashinsu na iya bambanta ninki goma ko fiye, gwargwadon wanda sunansa yake jiki da kuma yawan abin da za a iya tonowa game da shi. Lambar da ta shafi ƙasarmu kai tsaye ita ce Africa General Service Medal, wadda aka ƙirƙiro a 1902 domin ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka. Faɗinta milimita 36, ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da siraran layuka biyu kore, kuma a saman ƙyallen ake maƙala 'yar sandar azurfa mai ɗauke da sunan yaƙin da mutum ya halarta. Irin waɗannan sanduna 45 aka fitar gaba ɗaya, ta ƙarshe ita ce ta Kenya a shekarun 1950, kuma shida daga cikinsu suna ɗauke da sunan Arewacin Najeriya.

A wasiƙata ta farko na ba shi sunaye uku: Laftanar Kanar Elliot, wanda ya jagoranci ɓangaren Ingila a hukumar awon iyaka daga kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi tsakanin 1902 da 1904, da Kyaftin Foulkes da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da Manjo O'Shee wanda ya jagoranci hukuma ta biyu da ta kafa alamun iyakar. Na tambaye shi ko yana da lambar ɗaya daga cikinsu. Amsar ta zo a rana ta biyu, kuma ita ce ta sa na amince da shi, domin ya gaya mini kai tsaye cewa ba shi da ko ɗaya, ba ya kuma sa ran samu, kuma ko da irin wannan kaya ya fito kasuwa, manyan gidajen gwanjo na Landan ne za su rigaye shi. Dillalin da yake son kuɗinka kawai da sai ya ce ka ajiye wani abu ya nemo maka. Wannan sai ya ɗauki lokaci ya bayyana mini dalilin da ya sa lambar injiniyan soja mai sandar Arewacin Najeriya take da wuyar samu, kuma bayanin ya yi daidai da abin da na karanta daga baya.

Dalilin yana cikin yadda aikin waɗannan hafsoshi yake. Yaro yakan shiga makarantar soja ta Woolwich ya yi kimanin shekara biyu, kuma waɗanda suka zo a sahun gaba a jarrabawar fita su ne suke samun gurbi a rundunar injiniyoyi, sauran su tafi rundunar igwa. Daga nan sai a wuce da shi makarantar injiniyoyin soja ta Chatham, inda zai koyi awon ƙasa, da gina gada, da ganuwa, da wayar tangaraho, da layin dogo. Ƙarin girma a rundunar bisa tsufa a aiki yake tafiya, yana kuma tafiyar hawainiya, don haka hafsa mai buri yakan nemi a ba da aronsa ga ma'aikatar mulkin mallaka, inda albashi ya fi tsoka kuma ana iya dacewa da yaƙin da zai kawo lamba. Ba a turo rundunar injiniyoyi kamfani guda zuwa Arewacin Najeriya ba. Ɗai-ɗai suka zo, wannan yana awon iyaka, wancan yana jan waya, kuma wanda yaƙi ya rutsa da shi a kusa sai a haɗa da shi. Shi ya sa idan ka duba jerin waɗanda aka ba sandar 1903, sojojin Afirka ɗaruruwa ne, hafsoshin da aka aro daga rundunonin ƙasa suna da dama, amma masu haruffan R.E. a bayan sunansu sai ka ƙirga su da yatsu.

Tun da lamba ba ta samuwa, sai na biya kuɗin bincike a kan hukumar iyakar da mutanenta. Ya ce mako shida, ya kawo a mako na tara, kuma sai da na tuna masa sau biyu. Abin da ya iso, ta imel, shafuka ne sama da arba'in, an jera su bisa tsarin shekaru, kowane hoton takarda da ɗan bayani a ƙasansa na inda aka samo shi. Shafukan farko sun taƙaita asalin rigimar iyakar, kuma a nan ne na ji daɗin aikin, domin ya dace da abin da ƙafata ta taka. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi a takarda daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, ta 1898 kuma ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka zo bin wannan baka a ƙasa, sai suka iske ya tura su cikin daji marar rijiyoyi, ba su da hanyar ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Awon da Elliot da takwaransa Kyaftin Moll na Faransa suka yi shi ya ba da taswirar da aka yi ciniki a kanta, aka gyara layin a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sannan O'Shee da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi shi daga 1906 suna kafa alamu 148. A matsayina na wanda ya sha neman tsofaffin alamu a cikin ƙaiƙayi da sabara, ganin an jera mini wannan tarihi a wuri ɗaya ya biya ni rabin kuɗina.

Kaso mafi kauri na takardun a kan Charles Foulkes ne, kuma rayuwarsa misali ce ta irin abin da masu tara lambobi suke biyan kuɗi domin shi. An haife shi a 1875, ya zama hafsa a 1894, ya yi aiki a Saliyo lokacin yaƙin harajin gida na 1898, ya je yaƙin Afirka ta Kudu, sannan ya zo awon iyakarmu, inda ya shiga cikin yaƙin Kano da Sakkwato a 1903. Shekara biyar bayan haka yana cikin 'yan wasan hoki na Sikotilan da suka sami tagulla a gasar Olamfik ta Landan ta 1908. A 1915, bayan Jamusawa sun fara amfani da iska mai guba, shi aka ɗora wa nauyin shirya martanin Birtaniya, kuma mutanensa ne suka saki gubar a yaƙin Loos a watan Satumba na wannan shekara. Ya yi ritaya yana Manjo Janar, ya rasu a 1969. Na daɗe ina kallon wannan jeri, domin mutumin da ya zauna da dare yana duban taurari don gane matsayin garuruwanmu a kan taswira shi ne kuma ya shafe shekarun yaƙin duniya yana lissafin inda iska take kaɗawa don ta kai guba ramukan abokan gaba. Dillalin bai ce uffan a kan wannan ba, ya dai jera kwanakin ƙarin girma da lambobin da aka ba shi, kuma a ganina hakan ya fi, tun da takarda na saya, ba ra'ayi ba.

Ya ƙara mini wasu shafuka kyauta a kan Percy Girouard, wai don ya ga ina sha'awar Arewa. Girouard ɗan Kanada ne, haifaffen Montreal a 1867, wanda ya yi suna tun yana laftanar lokacin da ya shimfiɗa wa Kitchener, kwamandan yaƙin Sudan, layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed ta tsakiyar hamadar Sudan a 1897. Shi kansa Kitchener injiniyan soja ne, haka ma Gordon da aka kashe a Khartum kafinsa. Girouard ya riƙe jiragen ƙasa na Masar, ya riƙe na Afirka ta Kudu a lokacin yaƙi, sannan a 1907 aka turo shi ya gaji Lugga a Arewacin Najeriya, kuma babban abin da aka turo shi yi shi ne layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar kimanin mil 350. Ya bar ƙasar a 1909 zuwa Afirka ta Gabas, layin ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragun, sai manoma da fataken Kano suka cika su da gyaɗa. Akwai kuma sakin layi ɗaya a kan Gordon Guggisberg, wani injiniyan soja haifaffen Kanada, wanda ya yi awon ƙasa a Gana da Najeriya ya kuma zama gwamnan Gana daga 1919 zuwa 1927, kuma a zamaninsa aka gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota, aka kuma fara tashar jiragen ruwa ta Takoradi.

A shafukan Girouard ne na fara ganin iyakar wannan hidima. An faɗi lambobinsa, an faɗi ranar da aka ba shi sarautar Sir, an faɗi tsawon layin, amma babu kalma ɗaya a kan dubban mutanen da aka ɗebo ta hannun sarakuna daga ƙasar Nupe da Gwari da Zazzau suka haƙa ƙasa da kwanduna a ka. Ba na ɗora wa dillalin laifi kacokan, domin takardun da yake aiki da su na ma'aikatar yaƙi ne, kuma ma'aikatar yaƙi hafsanta ta sani. Amma mai saye daga ƙasarmu ya kamata ya san cewa rabin labari zai samu, sauran rabin sai ya nema a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, ko a Gidan Arewa, ko a bakin dattawan garuruwan da layin ya ratsa.

Akwai kuma batun ko ya cancanci a biya kuɗi a kan wannan bincike. Da na zauna na tantance shafukan, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku an ciro su ne daga London Gazette, jaridar gwamnati da ke fitowa tun 1665, wadda kowa zai iya bincikawa kyauta a intanet idan yana da haƙurin gwada rubutun suna ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu kuma daga tsofaffin littattafan jerin hafsoshi ne, su ma da yawansu an ɗora su a intanet. Abin da ba zan iya samu daga ɗakina cikin sauƙi ba shi ne hotunan da ya ɗauko daga ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan, musamman na rukunin takardun da ake kira WO 100, inda aka ajiye jerin sunayen waɗanda suka cancanci kowace lambar yaƙi. Da ya raba mini tun farko ya ce ga abin da za ka iya samu da kanka, ga wanda sai an je Kew, da na rage kuɗi na kuma ƙara ganin girmansa. Wanda yake da ɗa ko jika mai iya kwamfuta, ya fara da jaridar gwamnatin kafin ya biya kowa.

Bayan binciken sai na ga bai kamata in tashi hannu rabbana ba, na duba abin da yake da shi a shagon. Akwai lamba ɗaya mai sandar da aka rubuta N. NIGERIA 1903, ta wani farabiti na rundunar Arewacin Najeriya. Wannan sanda ta ƙunshi yaƙin da aka fara a ƙarshen Janairu na 1903, wanda a cikinsa Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kuma ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Wato yaƙin da Foulkes ya shiga ke nan, sai dai wannan lamba ta ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tafiyar a ƙasa ce. Farashinta bai kai na lambar hafsa ko kusa ba, amma idan aka juya fam zuwa naira ya isa a sayi babban rago a jajibirin salla har a yi canji. Na nemi ragi kamar yadda muka saba, ya rage ɗan abin da ba zai sayi ko igiyar ragon ba, na kuma fahimci cewa a kasuwarsu taya ba ta da nisa.

Biyan kuɗi da aikowa su ne suka fi wahalar da ni, kuma a nan akwai laifinsa, akwai wanda ba nasa ba. Katin bankina bai yi aiki ba, wannan matsalarmu ce ta gida. Amma sai bayan da muka gama ciniki ne ya sanar da ni cewa ba ya aika kaya Najeriya, domin inshorarsa ba ta kai nan ba, alhali tun wasiƙar farko ya san daga inda nake rubutu, kuma babu inda aka rubuta wannan sharaɗi a shafin shagon. Da ba ni da ɗan ƙanwata da yake karatu a can, da cinikin ya mutu. Shi ya biya, aka aika masa, kuma kayan ya isa hannunsa cikin kwana biyu, a naɗe cikin takarda mai laushi da ambulan mai kumfa. Da ya buɗe sai ya kira ni yana dariya ya ce, “Kawu, wannan ɗan abin ne ka sa na cire kuɗin hayata a kansa? Bai fi murfin gwangwanin madara ba.” Sai da ya zo hutu bayan wata biyu sannan lambar ta shigo hannuna.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur da hantsi, na ɗauko tsohon gilashin da nake karanta ƙananan lambobin taswira da shi. A fuska ɗaya akwai Sarki Edward na bakwai cikin kayan soja, kuma wuraren da suka fi tudu, gemu da kafaɗa, sun ɗan shafe, alamar an sha goge ta don fareti. A ɗaya fuskar mace ce a tsaye da zaki a gefenta, da kalmar AFRICA a ƙasa. Azurfar ta yi duhu a cikin lunguna, akwai kuma ƙananan tabo biyu a baki inda ta taɓa buguwa da wani abu mai tauri. Abin da masu saye suka fi tsoro shi ne lambar da aka kankare sunan asali aka sake buga wani mai tsada, kuma ana gane ta ne idan bakin ya sirance a wajen sunan ko haruffan ba su yi layi ɗaya ba. Na sa ma'aunin kauri na zagaya bakin a wurare shida, ban sami bambanci ba, haruffan kuma bugaggu ne masu zurfi ɗaya. Duk abin da ya rubuta game da lafiyar ƙarfen na same shi haka, har tabon biyu ya ambata, kuma hotunan da ya sa ba su ɓoye komai ba.

Ƙyallen ne ya ba ni haushi. A hoto na ga rawaya mai haske ban kawo komai ba, amma a hannu sai na ga sabo ne fil, zaren ɗinkinsa ma na zamani ne. Sauya ƙyalle abu ne da aka saba a wannan kasuwa kuma ba ya rage farashi sosai, sai dai ƙa'ida ita ce a faɗa. Da na rubuta masa, ya amsa laifinsa ba tare da kewaye-kewaye ba, ya ce haka ya saye ta a hannun magadan wani mai tarawa kuma mantuwa ce ta sa bai rubuta ba, ya kuma ce in mayar idan ina so ya ba ni kuɗina. Ban mayar ba, domin hanyar da ta biyo kafin ta iso ba wadda za a maimaita ba ce, amma na lura ya gyara bayanin wasu lambobi biyu a shagon bayan maganarmu.

Tare da lambar akwai abin da ya kira tarihin mai ita, kuma shafi ɗaya ne tak: hoton jerin sunaye da aka rubuta da hannu, layi ɗaya a ciki nasa ne, da lambar aikinsa, da muƙaminsa, da alamar cewa ya cancanci sandar 1903. Sunan irin wanda aka saba gani ne a rundunar, sunan yanka da sunan gari, wane Bauchi, wane Katsina, yadda magatakardan bariki ya ji ya rubuta, kuma ba zan faɗe shi ba domin mai yiwuwa yana da jikoki. Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin waɗanda suka shiga soja a wancan zamani bayi ne da suka gudu ko baƙi daga nesa, kuma sunan garin da mutum ya bayar ba lallai ne can aka haife shi ba. A gefen wasu sunayen da ke shafin an rubuta cewa an mayar da lambar, wato mai ita ya mutu ko ya bar aiki kafin ta iso. Na ajiye wannan shafi ɗaya kusa da tulin shafukan Foulkes. Yaƙi ɗaya suka yi, lamba iri ɗaya aka ba su, amma ɗaya an san har wasan da yake yi da yamma, ɗayan kuwa layi ɗaya ne ya rage daga gare shi.

Kuskuren da ya fi girma yana cikin ɗan bayanin yaƙin da dillalin ya rubuta da kansa a ƙasan shafin, inda ya ce Burmi wani gari ne kusa da Sakkwato. Burmi tana can gabas, a yankin kogin Gwangola, cikin jihar Gombe ta yau, kuma tazarar da ke tsakaninta da Sakkwato ɗaruruwan mil ce. Wannan tazara ita ce ainihin labarin, domin Sarkin Musulmi ya bar birninsa ne ya yi hijira zuwa gabas, jama'a suna ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa, Turawa kuma suna binsu wata da watanni, har aka yi karon ƙarshe wanda a cikinsa aka kashe Manjo Marsh a ɓangarensu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka wuce har Sudan, inda zuriyarsu take a Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wanda ya ɗauka Burmi unguwa ce a bayan Sakkwato bai fahimci abin da sandar da yake sayarwa take nufi ba. Na aika masa taswira da bayani, ya yi godiya, ya kuma tambaye ni ko zai iya turo mini sunayen garuruwa idan ya sake samun kayan Najeriya. Na ce ya turo.

Wani abokina, malamin tarihi, da ya ga lambar a tebur ya tambaye ni yadda zan ajiye a gidana abin da aka ba mutum ladan cin Kano da kashe mutane a Burmi. Tambayar ta dame ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ita ce ban rataye ta a bango ba, tana cikin akwati ɗaya da tsofaffin taswirorina, kuma da ta ci gaba da yawo tsakanin masu tarawa waɗanda ba su san inda Burmi take ba, gara ta zauna a hannun wanda ya san abin da aka yi a wurin. Bai gamsu gaba ɗaya ba, amma ya nemi hoton jerin sunayen don ya nuna wa ɗalibansa.

Idan aka kwatanta shi da manyan gidajen gwanjo, ƙaramin dillali irin wannan yana da amfaninsa. Gidan Spink, wanda tarihinsa ya faro tun 1666, da gidan Noonans da ke unguwar Mayfair a Landan, su ne wuraren da lambobin manyan hafsoshi suke fitowa, kuma Noonans yana da rumbun kayan da ya sayar a baya a shafinsa, da bayanin rayuwar masu su, wanda mai bincike zai iya karantawa kyauta. Sai dai a gwanjo ana ɗora la'adar mai saye a kan farashin da aka buga guduma, kuma takan kusanci kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi ba ka san inda farashi zai tsaya ba sai an gama. A wajen dillalina farashi a rubuce yake, yana amsa tambaya kamar mutum, yana kuma karɓar kaya idan an mayar. Ga mai neman tarihin hafsan Birtaniya, musamman injiniya wanda aikinsa ya ratsa ƙasashe da yawa, aikinsa mai kyau ne ko da yana jinkiri. Ga mai neman kakansa da ya yi soja a Zungeru ko Lokoja, kada ya sa ran fiye da layi ɗaya, kuma ya tambayi batun aikowa da na ƙyalle kafin ya biya ko kwabo.

Na sake ba shi aiki a watan jiya, amma wannan karon na rubuta masa dalla-dalla cewa ba na son ko shafi ɗaya daga jaridar gwamnati. Abin da na nema shi ne hotunan jerin sunayen sandar N. NIGERIA 1906, wadda aka bayar saboda Satiru da Haɗeja, tare da duk abin da zai samu a Kew game da hukumar Kanar Louis Jackson, injiniyan da ya auna iyakar Ingila da Jamus daga Yola zuwa Tafkin Chadi a 1903 da 1904. Ya ce mako shida, ni kuwa na rubuta tara a kalandata.